Baffa a Saman Benen Hajiya Dije

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Don shirin darasi na sayi wannan littafi, ga shi na fara cika shi da abin da ba na aji ba. Ba ni da wanda zan faɗa wa.

Yau mijina Mas'ud ya taho da Baffa, mahaifina, daga Sarandosa a bayan babur. Kwana huɗu ke nan da abin da ya faru a ruga. Ba zan rubuta yadda ya faru ba, don kowa da irin nasa labarin. Abin da na sani shi ne shanu babu, kuma Hamma Yari, yayana, ya bi sawunsu tun ranar bai dawo ba. Matarsa da 'ya'yansa suna gidan Goggo a Maiyama. Baffa kuwa aka ce ni ce ɗiya, ni ke da ɗaki biyu, a kawo shi Jega.

Ya shigo da sandarsa da butarsa da riga ɗaya a leda. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗora hannu a kaina. Sai da ya dafa kafaɗar Mas'ud sannan ya iya hawa matakalar bene. Na ce gajiya ce.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Na dama masa fura kafin in tafi makaranta. Na dawo na tarar da ita yadda na bar ta. Wayar Hamma a kashe.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan azahar

Zafin bana ya yi yawa. Babu wuta tun jiya, fanka a tsaye, ɗakin kamar an rufe tukunya. Baffa yana zaune a tsakiyar tabarma, ba ya jingina da bango, kamar bangon zai ƙona shi. Mutumin da ya shekara saba'in yana kwana yana jin numfashin shanu, yau ga shi tsakanin bulo da siminti, ƙasa shagon mai cajin waya ne.

Bai tambayi Hamma ba. Ba zai tambaya ba. Ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Baffa ba, sai dai ya ce "wancan". Amma duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ga ya daina jan carbi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, kafin magariba

Na hau sama kwaso shanya, na ji iska tana tahowa daga wajen gulbi, sai na sauko na ce, Baffa, taho mu sha iska. Ban zaci zai tashi ba. Ya tashi.

Saman benen nan fili ne na siminti, da ɗan gini kewaye da bai wuce gwiwa ba. Akwai tankin ruwa, da igiyar shanya, da ganyen albasar da Mas'ud ya baza yana bushewa. Na shimfiɗa masa buzu a inuwar tanki. Ya zauna, ya ɗaga kai, ya ja numfashi mai tsawo. Can sai ya juya ya fuskanci gabas, ya zauna haka har aka kira salla.

Da muka sauko ya sha rabin kwanon fura. Na tsaya a bayan ƙofa ina kallo, na kasa shiga don kada ya daina.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Ya ci tuwo jiya. Wayar a kashe.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Yanzu da an yi la'asar sai ya ɗauki buzunsa ya tsaya bakin ƙofa. Ina gaba yana dafe da ni. Kullum wuri ɗaya yake zama, kullum gabas yake fuskanta.

Hajiya Dije, mai gidan da muke haya, ta tare ni a tsakar gida. Ta ce ta ji ana takawa a sama da yamma. Na ce Baffa ne. Sai ta tuna mini sharaɗin da ta gindaya ranar da muka tare: sama na shanya ne, na mata. Namiji ba ya hawa sai da lalura, in kuma zai hau sai an aika gidajen maƙwabta an ce za a hau, mata su kimtsa. Ko Mas'ud in zai baza albasa haka yake yi. Na ce Hajiya, tsoho ne, ba ya magana ma. Ta ce ita ba ta hana ba, amma ba ita kaɗai ce a unguwa ba.

Na san sharaɗin. Ban manta ba. Na dai ga yana cin abinci, sai na yi kamar na manta.

Talata, 29 ga Afrilu, da rana

Mas'ud ya je Maiyama ya gano su Goggo, daga can ya bi ta wurin 'yan sa-kai. An ce an ga sawu, an ce ba a gani ba. Ya dawo ya wanke ƙafa ya wuce Aliero, don albasarsa tana cikin rudu, rumfar da ake ajiye ta, in bai juya ta ba zafi zai ruɓar da ita. Ban ga laifinsa ba. Amma na yi fushi da shi, na kuma rasa dalili.

A aji na rubuta kwanan wata ba daidai ba, ɗalibai suka gyara mini.

Laraba, 30 ga Afrilu, kafin magariba

An sa kwaɗo.

Muka hau yau muka tarar da ƙofar sama a kulle. Baffa ya shafa ƙofar, ya shafa kwaɗon, ya juya. Na zaunar da shi a ɗaki na sauka wurin Hajiya. Ta ce Alhaji Kyauta ne ya zo da kansa. Gidansa ne a gabas da mu, katanga ɗaya, tsakar gidansa tana ƙarƙashin benen nan kamar faranti. Ya ce kwana shida ke nan wani namiji yana zama a sama ya zuba wa gidansa ido, iyalinsa sun kasa fitowa girki da yamma, 'ya'yansa mata suna wanki a cikin ɗaki.

Na ce mata mahaifina ba mai leƙen gidan mutane ba ne. Muryata ta hau fiye da yadda ya kamata. Hajiya ta ce, "Umaima, ni na san ba shi ba ne irin wanga hali. Amma in ke ce a ƙasa, kina tuƙa tuwo wani na sama, mi za ki ce?"

Na juya na hau ɗaki, don na san abin da zan ce.

Alhamis, 1 ga Mayu

Bai ci ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Bai ci ba. Ruwa kawai. Na miƙa masa kofi ya kai hannu gefe, kofin ya faɗi. Ya zauna yana jin ruwan yana jiƙa masa wando bai motsa ba. Na goge, na shiga bayi na yi kukana na fito.

Na kira Mas'ud na ce ya dawo, ko dai a buɗe ƙofar nan ko in ɓalle kwaɗon da taɓarya. Ya ce in yi haƙuri, in na ɓalle mu ne da barin gida, kuma gaskiya Alhaji yana da hakki. Na kashe wayar. Ya sake kira ya ce zai ga liman gobe.

Wayar Hamma a kashe. Kwana goma sha biyar.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan azahar

Zan rubuta wannan a hankali.

Malam Zaharaddeen, limamin unguwa, ya ce a haɗu a zauren Hajiya da hantsi. Shi da Alhaji Kyauta da Mas'ud suna zaure, ni da Hajiya muna daga ciki, labule ya raba mu. Malam ya ce ba a yanke wa mutum magana ba ya nan, a sauko da dattijo. Mas'ud ya sauko da shi.

Alhaji ya faɗi nasa, kuma ba da rashin kunya ya faɗa ba. Ya ce shekara ashirin yana gidan nan kafin a ɗora bene, ranar da aka ɗora an yi masa alkawari ba za a mayar da sama wurin zama ba. Ya ce ya ji abin da ya sami bayin Allah a Sarandosa, ya jajanta, amma iyalinsa ma amana ce a wuyansa. Mas'ud ya faɗi namu, ya ce tsoho ba ya iya zaman ɗaki, a sama kaɗai yake samun cin abinci.

Malam ya ce hawa saman gida ba haramun ba ne, gidanka naka ne har sama. Abin da aka hana shi ne ka cutar da maƙwabci, kuma tsinkayar iyalin mutum cuta ce ko da ba ka yi niyya ba. Don haka ɗaya cikin biyu, ko a ɗaga shinge ya wuce tsayin mutum a gefen Alhaji, ko a bar zama. Hajiya ta ce daga bayan labule ita ba ta shirya gini bana ba.

Sai Malam ya juya ya ce, Malam Sambo, ko kana da abin cewa?

Kwana goma sha biyu ban ji muryar Baffa ba sai a salla. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ban ga gidanka ba. Kai da kake zaune gabana ma ban gan ka ba, muryarka nike bi. Shekara biyu ke nan, hwari kawai nike gani, kamar hayaƙi."

Ni kuwa sai kofin jiya ya dawo mini, da dafa kafaɗa, da yadda ya shafa kwaɗo. Ina ta cewa gajiya ce, ina ta cewa baƙin ciki ne. Ina malamar makaranta, ɗalibi in ba ya ganin allo a mako guda nake gane shi.

Alhaji ya tambaya a hankali, to me ya sa kullum yake fuskantar gidansa. Baffa ya ce akwai sa ɗaure a turke a kusurwar gidan, shi yake saurare. Sannan ya ƙara da cewa kafin a kulle ƙofa ya ji san ya rage tuƙa, nishinsa ya sake, a duba abin da ake ba shi. Alhaji ya ce sansa lafiya lau, na layya ne, dusa da harawa yake ci ya ƙoshi. Ya faɗi haka da ɗan zafi, ina ji kunya ce ta kama shi. Aka tashi ba a buɗe kwaɗo ba, ba a kuma ce an hana ba.

Da muka hau ɗaki na durƙusa gabansa. Ya lalubo kaina ya ce, "Ɓingel am," wato ɗiyata, kamar yadda yake kirana ina ƙarama. Ya ce in kawo fura.

Lahadi, 4 ga Mayu, da hantsi

Ina shara aka buga ƙofa. Alhaji Kyauta ne da kansa, ko hula bai sa ba. San ya kwanta tun asuba, cikinsa ya kumbura kamar ganga, malamin dabbobi kuma ya tafi Gehuru allurar rigakafi, sai yamma. Ya ce ko dattijo zai taimaka.

Na kai Baffa har cikin gidan. Hajiya Hafsat, matar Alhaji, ita ta ɗaga mana labule. Ya ajiye sanda, ya durƙusa, ya bi san da hannu tun daga wuya har kwiɓi, ya ƙwanƙwasa cikin yana saurare. Ya ce a kawo man gyaɗa da kanwa a kwalba. Ya sa aka tayar da shi da ƙyar, aka juya shi gabansa ya hau tudu, ya ɗura masa, ya sa kara a bakinsa a gicciye, yana murza masa ciki yana yi masa magana da Fulatanci. Mun fi awa ɗaya a rana. Can san ya yi wata gyatsa da ta sa 'yan matan gidan suka watse da dariya. Baffa ma ya yi murmushi. Ya ce dusar ta yi yawa, a rage, a kuma daina barin leda kusa da turke.

Kafin azahar Hajiya Dije ta aiko mini da makulli.

Lahadi, kafin magariba

Ya ƙi hawa.

Na ce Alhaji da bakinsa ya ce a hau, tun da ba gani yake yi ba. Baffa ya ce shi ya sa ba zai hau ba. Ya ce matan gidan ba su san idonsa ba, abin da za su gani shi ne namiji a sama. Kuma ba ya son a ba shi wuri don an ce makaho ne. Malam ya ce shinge, to a yi shinge. In aka samo masa gamba zai saƙa zana.

Na so in yi gardama, sai na ga wannan ne abu na farko da ya ce yana so tun zuwansa.

Talata, 6 ga Mayu, da yamma

Na nemi izini a makaranta na kai shi asibiti. Likitan ido ta haska masa fitila ta ce yanar ido ce, ta nuna sosai a duka biyun, amma abin da ke bayanta lafiya yake. Ana cirewa. Ta ba mu ranar sha tara ga wata, za a fara da na dama. Ta yi mini faɗan me ya sa muka bari har ya kai haka. Na ce laifina ne. Baffa ya ce ba laifina ba ne, shi ya ɓoye.

A hanya na ce masa to ka gani, in an gyara ido ai dole a yi shingen. Ya ce shi dama ya san ba a gina magana kan ciwon mutum.

Wayar a kashe.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Alhaji ya kawo gamba dami shida daga gonarsa ta Birnin Malam. Mas'ud ya kawo mai walda ya kafa ƙarafa biyar a gefen gabas, don Hajiya Dije ta ce in iskar farkon damina ta ɗauke zana ta jefa a kan wani, ba ruwanta. Aka aika gidaje aka ce za a hau. Har gidan da ba ya kusa sai da Hajiya ta aika.

Baffa ya zauna ya baje gamba tsakanin ƙafafunsa. Hannunsa ya san aikin, ba ya neman ido. Alhaji ya hau wai zai duba, sai ga shi ya naɗe hannun riga yana koyo. Shekara ashirin da wani abu bai taɓa ganin gidansa daga sama ba. Ya leƙa sau ɗaya, ya daɗe a tsaye, ya ce ashe rufin kicin ɗinsa ya ɓule, ashe kuma haka ake ganin komai. Ban san ko da mu yake ba ko da kansa.

Asabar, 10 ga Mayu, kafin magariba

Alhaji ya sauka salla, muka rage ni da Baffa. Ina miƙa masa gamba yana saƙa. Ban tambaye shi komai ba. Shi ya fara.

Ya ce ranar da abin ya faru rana ta ɗan ɗaga, Hamma ya tafi rijiya da ƙananan dabbobi, shi aka bari a bakin ruga. Ya ji babura sun tsaya. Ya ga inuwar mutane, bai ga abin da ke rataye a kafaɗunsu ba. Ya zaci baƙi ne.

"Na yi musu sannu da zuwa," in ji shi. "Sunka tambayi inda garke yake, na nuna musu da sandata."

Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba. Ya ce da ya faɗi gaskiyar idonsa tun bara, da ba a bar shi tsaro ba, da wancan yana gida. Na ce masa mutanen da suka zo da abin da suka zo da shi, ko mai ido huɗu ne ba zai tare su ba. Ya ci gaba da saƙa, amma na ga ya ɓata layi biyu ya warware.

Litinin, 12 ga Mayu

Zana uku sun tashi. Saura biyu. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ban kira lambar Hamma ba yau, na gaji da jin matar nan tana cewa a kashe take.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ina tsakiyar darasi Goggo ta kira. Ba na ɗaga waya a aji, amma na ɗaga.

Hamma yana Maiyama. Yana da rai. Ya iso da ƙafa da sassafe, da shanu tara.

Na zauna a kan bencin ɗalibai. Shugabar makaranta ta ce in tafi.

Laraba, bayan la'asar

Na je na dawo. Ya rame har na so in wuce shi a ƙofar gida. Ƙafafunsa sun fashe, Goggo tana gasa masa da ruwan zafi. Mutane sun cika gidan kowa da tambaya, ina ya je, wa ya riƙe shi, yaya aka yi tara suka dawo. Amsa ɗaya yake bayarwa, Allah ya kiyaye. Ni ban tambaya ba. Na riƙe hannunsa kawai. Shi ya tambaye ni Baffa, na faɗa masa komai, har maganar ido, har abin da Baffa ya ce ranar Asabar. Ya rufe fuska da rawani ya daɗe.

Da na dawo na tarar da Baffa a sama. Na ce wancan ya dawo. Ya ajiye gamba, ya juya alƙibla ya yi sujada a kan siminti mai zafi. Da ya ɗago na ce ga waya, a kira masa shi. Ya ce a'a. Na sake cewa, ya ce a bar shi ya huta.

Na san ba hutun ba ne.

Juma'a, 16 ga Mayu, da yamma

An ɗaure zana ta ƙarshe. Malam Zaharaddeen ya hau da kansa, ya tsaya a jikinta ya yi ɗage, bai ga komai ba sai sama. Alhaji ya shiga gidansa ya ɗaga kai, ya ce shi ma ba ya ganin kowa. Malam ya ce to magana ta ƙare, mai son zama ya zauna. Hajiya Dije ta ce amma banda samari da rediyo, kuma ranar wankinta sama nata ne. Aka yi dariya aka yarda.

Hajiya Hafsat ta aiko da masa a kwano, ta ce na mai maganin sa ne.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Hamma ya zo ba tare da ya sanar ba. Mas'ud ya ɗauko shi. Da ƙyar ya hau matakala. Baffa yana kan buzu, ya ji takun ya gane, na ga bayansa ya miƙe. Hamma ya durƙusa nesa kaɗan, suka gaisa doguwar gaisuwa irin tamu, lafiya, lafiya, kowa yana kallon ƙasa, kamar jiya suka rabu. Na juya zan sauka, Hamma ya ce in tsaya.

Baffa ya fara cewa akwai abin da ya ɓoye. Hamma bai bari ya ƙarasa ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Baffa, mun sani. Tun damina waccan munka sani. Wa kake zato ke kwashe duwatsu daga hanyar rijiya? Ƙararrawar da ke wuyan farar saniya, don kai na ɗaura ta. Ni na bar ka bakin ruga, don na ga in na hana ka tsaro zuciyarka za ta karye. In akwai laihi, nawa ne."

Baffa ya tambaya ko farar tana cikin taran. Hamma ya ce tana ciki, ita ta ja sauran. Baffa ya miƙa hannu yana lalube, Hamma ya matso, Baffa ya kama ƙafarsa ya shafa inda ta fashe. Ya ce da ni in kawo man shanu. Na sauka, na daɗe a ƙasa da gangan.

Gobe asibiti.

Litinin, 19 ga Mayu, da azahar

An yi. Bai kai minti arba'in ba. Ya fito da bandeji a ido yana faɗa wa ma'aikaciyar jinya cewa bai ji komai ba, wai ƙaho ma ya fi wannan zafi.

Talata, 20 ga Mayu, kafin magariba

An cire bandeji da safe. Likita ta ɗaga yatsu, ya ƙirga daidai, ta matsa baya, ya sake ƙirgawa. Ya dubi Hamma ya kau da kai da sauri. Ni kuwa ya dube ni sosai, ya ce ashe na yi ƙiba a Jega. An ba shi baƙin tabarau da maganin ɗigawa, an ce banda ƙura, banda sunkuyo, na hagu sai bayan Salla.

Da la'asar ya ce a hau. Ya tsaya ya dubi gari, rufin kwano har iyakar gani, da hasumiyar masallaci, da layin itatuwan bakin gulbi. Ya ce ya zaci Jega ta fi haka girma. Sannan ya bi zanarsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a ta uku ya tambaya wa ya saƙa nan. Na ce Alhaji ne. Ya ce to kada a faɗa masa.

Ya ce ranar Asabar zai koma Sarandosa. Na ce likita ta ce banda ƙura. Ya ce zai sa tabarau, hadari ya fara haɗuwa, kuma mutum ɗaya da ƙafa a fashe ba zai iya da shanu tara ba. Hamma ya ce in bar shi. Mun yi ciniki har ya yarda sai an sake duba idon ranar Talata mai zuwa, ni kuma in riƙa zuwa duk Asabar da magani.

Aka kira salla. Na naɗe buzu, na matsa kusa da shi na tsaya yadda na saba don ya dafa ni. Ya ce in riƙe buzun da kyau. Shi ya riga ni sauka.